Liƙin Idon Bindigar Baffa

Ba na iya wucewa ta gaban mai faci ban tuna da Baffa ba. Warin sholisho ne ke jawo shi, kuma da ya zo sai haushin wata shekara ya biyo shi, haushin da na ɗauka ya kamata a ce ya huce tuntuni.

Baffa yayan mahaifina ne, tsohon soja, kuma shi kaɗai ke da bindigar Bature a ƙauyenmu na ƙasar Makarfi. An ce wani Baturen gona da ya yi wa rakiyar farauta ne ya bar masa ita da zai tafi gida bayan samun 'yancin kai. Ba zan rantse a kan wannan ba, domin ina ƙarami a lokacin. Abin da na gani da idona shi ne madubin hange da ke ɗaure a bayanta, wanda mu a gida muke kira idon bindiga. A ƙarshensa akwai zobe mai gilashi inda ake ɗora ido, ana murɗa shi gaba ko baya har abin da ake hange ya fito tangaran.

Abincinmu na shekara yana cikin raken fadama. Da damina ta ja baya, rake ya fara zaƙi, sai birai su sauko daga dutse da hantsi. Harbi ɗaya mai kyau ya isa ya kore su har a yi sara. A shekarar da nake ba ku labari, Baffa ya yi ta harbi yana kuskure, kuma duk harbin da ya yi sai zoben ya faɗo cikin ciyawa.

"Zoben ne ya yi sako-sako," in ji shi. "A nemo abin liƙi."

Nan aka buɗe shawara a zaure. Aka fara da ƙaro, aka jiƙa aka shafa, ya bushe ƙam. Raɓar fadama ta taɓa shi sau ɗaya ya saki. Wani maƙwabcinmu mai dafa mazarƙwaila ya rantse cewa ruwanta, in ya yi kauri, ko tsagaggen turmi yana kamawa. Ya kama ɗin kuwa, amma kafin gari ya waye kiyashi sun cika idon bindiga, har Baffa ya leƙa ya ce yana ganin rundunar birai. Ana wannan, biran gaske suna can suna karya rake. Kullum mahaifina ya dawo daga fadama da guntayen da suka tsotse suka yar, ya zube su a tsakar gida.

Ga abin da ke cina har yau. Kusan kowa a gidan ya san ba zoben ne ya lalace ba, ko dai in ce ina kyautata zaton sun sani. Ganin Baffa ne ya ragu. Yana ta murɗo zoben waje don ya gani, har ya kai bakin ƙarshe, inda ba abin da ke riƙe da shi. Mutumin da ke kai allura wa matarsa ta zura masa zare, ai ba sai an yi duba ba. Amma wa zai kalli babban wa ya ce masa idonsa ya tsufa?

Daga ƙarshe Baffa ya hau keke ya je Makarfi ya dawo da sholisho a 'yar kwalba. Ya ce wannan in ya kama, ya kama ke nan. Kakarmu, wadda ta haifi Baffa da mahaifina, ta shinshina kwalbar ta ture ta gefe.

"Soja, abin da za a ci gadonsa ba a yi masa liƙin har abada."

"Iya, rake na ƙarewa."

"Yau ka sani? Kawo min kakin zuma da zaren saƙa."

Ta narka kakin a kasko, ta tsoma zaren a ciki. Ta ce kaki ba ya jira, kuma naɗin yana son yatsun da suka san bindiga, don haka Baffa ne zai naɗa. Sai dai mai naɗi ba ya iya leƙe.

"Ƙanenka ya leƙa maka. In kukar can ta fito sosai, sai ya ce ka tsaya."

Mahaifina ya durƙusa ya ɗora ido, ya yi ta murɗa zoben yana shigewa ciki, can ciki, nesa da inda Baffa ke barin sa.

"Ta fito, Yaya."

Baffa ya naɗe zaren, ya danne da babban yatsa har kakin ya daskare. Sannan ya ɗaga bindigar ya leƙa. Ya daɗe yana leƙen. Ban san abin da ya gani ba, amma ina zaton hazo ne kawai.

"Ya yi daidai," ya ce. Ya shafa kafaɗarsa, ya miƙa wa mahaifina bindigar. "Kwana biyun nan kafaɗar nan na damuna. Kai ka je gobe."

Birai sun kau, amma abin da muka sara a shekarar bai taka kara ya karya ba. Na yi karatu har jami'a, kuma na daɗe ina cewa magana ɗaya tak, da an faɗe ta da wuri, da ta ceci rabin fadama. Har yanzu ban janye ba, ko da yake na rage ƙarfin faɗa.

Kwanakin baya na yi ta mita cewa gilashin wayata ya lalace, rubutu ba ya fita. 'Yata ta karɓa ta ce za ta kai wa mai gyara. Da yamma ta dawo min da ita. Gilashin nan dai shi ne, har da tsohon tsagin da ke gefensa, sai dai haruffan sun yi girma kamar na allon 'yan aji ɗaya. Ta tsaya a kaina tana jira.

Na daɗe ina kallon wayar. Na ce mata ya yi daidai.