Yadda Muka Gano Gwaggo a Shinkafi

Tun kiran sallar farko muka tashi, ni da yayana, muna idar da asuba muka nufi tasha. Sai dai sammako a Ƙaura yanzu ba ya hana mutum zaman jira, don babu direban da zai hau hanyar Zurmi sai ya ga motar farko ta fito daga can ta shaida masa hanya lafiya. Muka samu benci muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ya ƙanƙance sosai, har yayana ya tambayi mai tuyar ko waken ma gudun hijira ya yi.

Ga waɗanda ba su ga cigiyar da na sa a shafin nan ba, Gwaggonmu muke nema, yayar marigayi mahaifinmu. Tsohuwa ce, tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Moriki, kuma shekara biyu ke nan tunaninta ya fara rikicewa. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen, maƙwabciyar da ke kula da ita ta goya jaririnta, ta ja yara biyu, ta ce wa Gwaggo ta biyo ta. Da ta waiwaya a bakin gari ba ta gan ta ba. Kwana tara babu labari. Sai ga waya cewa akwai wata tsohuwa a wata makarantar firamare a Zurmi inda aka sauke 'yan gudun hijira, ba ta san sunan garinsu ba.

Rana ta ɗaga kafin mu tashi. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma mutum huɗu aka cusa mu a baya, ban da zabi biyu na wani dattijo da suka yi ta saran ƙafata har muka isa. Kaka ce. Gonakin da ke kusa da garuruwa an yanke gero an jera dammuna, amma da ka yi nisa kaɗan sai ka ga filaye ciyawa ta cinye su, ba wanda ya taka su bana. A kowane shinge jami'an tsaro sukan leƙo su dubi fuskokinmu. Tsakanin shinge da shinge hira mutuwa take yi, direba ya taka mota, kowa bakinsa yana motsi.

A ƙofar makarantar Zurmi muka tarar da wata mata cikin masu aikin agaji, zaune da littafi a cinya. Ta rubuta sunayenmu da abin da ya kawo mu, ta ce yayana ya jira a inuwa don ajin na mata ne da yara. Na bi ta muka shiga. Tsohuwar tana jingine da bango a ƙarƙashin allo, tana kallon taga. Tun daga ƙofa na san ba Gwaggo ba ce.

Tausayinta ya kama ni, na ciro waya zan ɗauki hotonta in sa a shafina ko Allah zai sa danginta su gani. Matar da ta rako ni ta dafa hannuna a hankali.

"Malama, da mahaifiyarki ce a wannan hali, za ki so duniya ta gan ta haka? Ita ba ta iya cewa a'a."

Na mayar da wayar jaka, kunya ta rufe ni. Ta ce sun aika wa masu unguwanni da dagatai kamanninta, ta hanyarsu ake nema. Sannan ta tuna cewa ranar harin wata motar hatsi ta kwashi mutane a bakin titin Moriki ta yi Shinkafi da su. Ta kira wata ma'aikaciyar lafiya a can. Aka ce akwai tsohuwa a hannunsu, amma ba a bayyana kamannin mara lafiya a waya, mai nema ya zo da ƙafarsa.

Muka koma mararrabar da hanya ta rabu, muka samu wata motar. A Moriki direba ya tsaya shan mai, muka sha fura a bakin kasuwa. Furar ta yi, sai dai nonon ya sha ruwa, mai furar kuma ta rantse haka saniyar ta ba ta. Kasuwar shanun da na sani tun ina yarinya ta rage ƙwarai. Da muka wuce hanyar da ke shiga ƙauyen Gwaggo, yayana ya juya kai yana kallonta har ta ɓace.

Bayan azahar muka shiga Shinkafi. Inda aka kwatanta mana ƙaramin asibiti ne a gefen gari, ɗakuna uku da baranda. Wadda ke riƙe da shi, Malama Rabi, gajeriya ce mai sanyin murya. Ta ba mu ruwa, ta yi mana sannu da hanya. Na ɗauka za ta ce mu shiga mu duba, sai ta ce ni in fara biyo ta ofis, yayana ya jira. Ta tambaye ni sunan wadda muke nema, da tsagar fuskarta, da wata alama a jikinta da baƙo ba zai sani ba. Na faɗa mata tabon ƙuna a gwiwar hannun hagu, da ƙaramin yatsan ƙafa da ya karye tun tana budurwa. Ta rubuta, fuskarta ba ta nuna komai ba. Sannan ta sallame ni ta kira yayana ta maimaita masa tambayoyin.

Ya fito ransa a ɓace. Ya ce mun sha hanya mun sayar da rai, ana yi mana tambayoyi kamar ɓarayi, wane ne zai zo satar tsohuwa? Malama Rabi ta bar shi ya gama. Sannan ta ce kwana huɗu da suka wuce wani mutum ya zo da kuka ya ce uwarsa ce. Da ta tambaye shi alama ɗaya a jikinta ya kasa, da ta ce a kira mai unguwa sai ya ce zai je ya yi alwala, bai dawo ba. Ta ce akwai masu ɗaukar irin waɗannan tsofaffi su kai su birni suna yawon bara da su. Yayana ya nemi wuri ya zauna.

Sai ta yi mana tambayar da ta fi duka nauyi: tun da mun san hankalinta ya taɓu, me ya sa take zaune ita kaɗai a ƙauye? Babu faɗa a muryarta. Na ce mun yi mun yi ta dawo Ƙaura ta ƙi, ta ce ba ta barin ɗakin mijinta. Gaskiya ce, amma ina faɗa na ji ba ta isa amsa ba. Mun bar ta ne don hakan ya fi mana sauƙi, muna aika hatsi da sabulu muna cewa mun yi zumunci.

Daga nan ta zagaya da mu bayan asibitin. Gwaggo tana zaune kan tabarma a inuwar darbejiya tana ɓarar gyaɗa a faifai. An yi mata wanka, an yi mata kitso, ƙafafunta biyu a naɗe da bandeji saboda ƙaya da tafiyar da ta sha. Na durƙusa a gabanta na gaishe ta. Ta dube ni kamar yadda ake duban baƙuwa, ta miƙo mini gyaɗa. Da ta ɗaga kai ta ga yayana, sai ta kira shi da sunan mahaifinmu.

"Mamman, ina ka shiga tun da safe? Na hana ka zuwa gulbi, ba ka ji."

Yayana, magidanci mai furfura, ya zauna a ƙasa ya ce, "Na dawo, Yaya. Ba ni ƙarawa." Hawaye suna zuba cikin gemunsa. Ni dai alhamdulillahi kawai nake maimaitawa.

Duk da haka Malama Rabi ba ta ba mu ita a ranar ba. Ta ce sai jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya zo da safe, da mai unguwa. Wannan karon babu wanda ya yi gardama. Wata tsohuwar unguwarzoma da ke taimaka musu, wadda ita ce ke kwana da Gwaggo tana yi mata wanka, ta sauke ni a gidanta, yayana kuma ya kwana a zauren mai unguwa. Na ce tun da na zo Shinkafi yau zan ci shinkafa, sai ga tuwon dawa da miyar kuka. Ban taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba, wataƙila don kwana tara ban san ɗanɗanon abinci ba.

Da hantsi jami'in ya zo a kan babur. Aka kira dagacin ƙauyen Gwaggo a waya, shi ma yana gudun hijira, ya shaida cewa ya san mu ya san mahaifinmu. Aka tambaye mu wa zai zauna da ita, a wane ɗaki, wa zai kula da ita idan na tafi makarantar da nake koyarwa. Abin da ban zata ba, jami'in ya tsuguna ya tambayi Gwaggo da kanta ko za ta bi mu. Ta ce in da Mamman za ta, in ba shi ba ta zuwa ko'ina. Aka yi dariya, muka sa hannu a takarda.

Malama Rabi ta ba ni maganin hawan jini ta nuna mini yadda ake sha. Ta ce in ɗinka ƙyalle mai sunan Gwaggo da lambar wayata a cikin kowane zanenta, in sanar da maƙwabta da masu shagon layinmu halin da take ciki. Ta ja kunnena kada a kulle ta a ɗaki, kada a ɗaure ta, ko da ta dame mu da son fita. A fita da ita, a dawo da ita. Unguwarzomar ta raka mu har bakin titi tana share ido da gefen mayafi.

A hanyar dawowa Gwaggo ta yi barci a kafaɗata tun kafin Moriki. Ramukan titin suna nan, shingayen suna nan, amma ban ji tsawon hanyar ba. Kafin la'asar muka hango Ƙaura. Gida ya cika da 'yan barka, har maƙwabciyar nan ta ƙauye ta zo tana kuka tana neman gafara. Na ce mata ita ta riƙe Gwaggo shekara biyu, mu ya kamata mu nemi gafararta.

Bayan kwana biyu wata ma'aikaciyar lafiya ta unguwarmu ta yi sallama ba tare da sanarwa ba. Ta ce daga Shinkafi aka kira ta. Ta duba ƙafar Gwaggo, ta leƙa ɗakin da take kwana, ta ce za ta dawo.

Na bar gida ina ganin kula da mai rauni aikin dangi ne kawai. Na dawo na san cewa ranar da dangi suka gaza, mutanen da ba su haɗa komai da kai ba ne ke tsaye, kuma tambayoyin da suka ɓata mana rai su ne suka hana a tafi da Gwaggo inda ba za mu ƙara ganinta ba. Idan kuna da tsoho ko mara lafiya da kuka bari shi kaɗai kuna aike, ku je ku duba shi da idonku.

Yau da safe ina shafa mata mai a ƙafa ta tambaye ni ɗiyar wace ce ni. Na ce ɗiyar Mamman. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce Mamman yaro ne, bai yi aure ba, amma ko ɗiyar wa ce ni, iyayena sun iya reno.