Shuɗin Zaren Mai Gyara

Sati uku da rasuwar maigidana na koma kan keken ɗinkina, ba don ina da wani aikin kirki ba, sai don hannu ya samu abin yi. Keken ya tsufa, in na taka sai ya riƙa ƙugi kamar akuyar da igiya ta shaƙe. A rana ta biyu aka yi sallama a ƙofata. Maƙwabcina ne, wanda bango ɗaya ya raba ɗakunanmu a gidan haya, riƙe da 'yar kwalbar mai da sukuddireba.

"Inna, kekenki yana kuka tun jiya," ya ce. "Ke dai mun san dalilinki, shi kuma wa ya mutu masa?"

Rabona da dariya tun ranar da aka fita da gawa, amma ranar sai da na rufe baki da mayafi. Ya durƙusa ya kwance, ya goge, ya ɗiga mai, ya yanko tsohuwar roba ya sa ƙarƙashin ƙafafun keken. Da na taka, shiru kamar ba shi ba. Sai daga baya na gane cewa kukan keken nan har ɗakinsa yake shiga, kuma akwai wadda yake hanawa sakat a can. Wannan bai rage masa lada a wurina ba. Zai iya buga mini bango, bai buga ba. Allah ya jiƙansa.

Mai Gyara ake ce masa, don gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Shagonsa yana ƙarshen layinmu, ɗan tsukuku, kawunan kekuna jere a kan katako, ko'ina warin mai. Siriri ne, bakin farcensa kullum baƙi, muryarsa ƙasa-ƙasa har teloli suna tsokanarsa wai da allura yake magana. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Shi yana kiranta Uwata, mutanen gida kuwa ba sa kiranta komai, sai dai su ja yaransu gefe in ta fito.

Shekararta tara sa'ad da na san su. Kyakkyawa ce, idanunta manya, amma ba ta sa su cikin na mutum. Ba ta magana. In ranta ya ɓaci sai ta ƙwalla ƙara ɗaya doguwa, ta cusa hannu a baki ta ciza, ta juya ga bango ta fara buga goshi. Daga ɗakina nakan ji bugun, dum, dum, har kwanukana suna amsawa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sangarta. Shi ya ce mini likita ya kira abin otizim, kuma ba a warkewa, sai dai a koyi zama da shi.

Yadda ya koya ɗin ne abin da nake so in rubuta.

A bakin tagarsu akwai kwarkwaron zare guda biyar a jere, da gwangwani a gefe. Fari wanka ne. Rawaya abinci. Kore tafiya shago. Ja yana nufin ƙara tana zuwa, ko injin niƙa na bayan gida ko janareton mai aski, ta toshe kunne tun da wuri. Shuɗi kuwa shi ne, ma'anarsa Baba ya dawo. Kowace safiya zai jera su yadda ranar za ta tafi. In abu ya ƙare, ita da hannunta za ta ɗauki zarensa ta jefa a gwangwani, ta dubi na gaba.

"Ni da ke mun san bayan azahar la'asar ce," ya ce mini. "Ita ba ta sani ba, Inna. Kowane abu faɗo mata yake daga sama. Ke ma da haka kike da kin ciji mutum."

In abin ya motsa duk da haka, ba ya riƙe ta. Bargo yake ninkewa ya sa tsakanin goshinta da bango, ya rufe taga, ya zauna a ƙasa ya ba ta baya, ya yi shiru. In ta lafa ya shiga bincike kamar mai neman abin da ya tsayar da keke. Akwai lokacin da ta kwana uku tana ihu, ya duba haƙori, ya duba kunne, ya duba takalmi, ashe wani ɗan ɗinki ne a wuyan sabuwar riga yake sukarta. Ya farke shi, ta yi barci.

Ba haka ya fara ba, shi ya faɗa mini da bakinsa. Ya nuna mini wani tabo da ya zagaye idon sawunta. Tana shekara huɗu ya ɗaure ta a ƙafar gado don ya je shago, ya dawo ya tarar igiya ta ci nama, ita kuma ta daina kuka, ta zuba wa bango ido. Wata biyu ba ta yarda ya taɓa ta ba. Ya ce tun ranar ya yi wa Allah alkawari.

Shekarar da ta shiga goma sha biyu tari ya kama shi. Busasshe ne da fari, daga baya na fara ganin yana ninke hankici da sauri yana cusawa a aljihu. Wandonsa ya riƙa zamewa, ya huda wa bel sabon rami, ya sake huda wani. A lokacin ne ya fara roƙona ƙananan abubuwa. Inna, zo ki zauna nan ki yi lazuminki, ba sai kin ce mata komai ba. Inna, yau ke za ki miƙa mata kofin, ta hannun hagu, kada ki taɓa kafaɗarta. Inna, ta girma, wankanta ya fi ƙarfin uba. Na ɗauka taimakon maƙwabtaka nake yi. Na daɗe ban gane koya mini aiki yake ba, kamar yadda ake koya wa wanda za a bar wa shago.

Yana da wa, direban babbar mota, ƙato mai fara'a, wanda dariyarsa kaɗai takan sa yarinyar ta toshe kunne. Wata rana ya zo da leda, ya zazzage ta a tsakar ɗaki. Sarƙa ce siririya, da kwaɗo sabo.

"Kai ƙanena, dubi yadda ka koma, iska ma sai ta yi hankali da kai," ya ce. "Yarinyar nan ta kusa fin ka ƙarfi. Wasan zaren nan naka ba zai tare ta ba. Ina da ɗakin ajiya a bayan gida, ƙofar ƙarfe. Ci da sha ba za ta rasa ba."

"Yaya, ba a kawo nan ba."

"Za a kawo. Ni ba mugu ba ne, matata da yarana nake ji." Ya rataye sarƙar a ƙusa bayan ƙofa, ya ce a ajiye masa.

Ba da jimawa ba aka ce Mai Gyara ya je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya bar mini ita tun safe. Ya jera fari, rawaya, ja, ya tsaya nan. Shuɗin ya sa a tafin hannuna, ya ce bai san yaushe za a sallame shi ba, sai na hango shi a bakin layi sannan in ɗora.

Har azahar lafiya lau. Amma da ta jefa ja a gwangwani, ta ga taga ba komai, sai ta fara kai da komowa tana gurnani. Ta zo ta buɗe hannuna da ƙarfi. Tausayinta ya kama ni, tsoro ma ya kama ni. Na ce a raina, ai yanzu zai dawo, me zai hana in kwantar mata da hankali? Na ɗora shuɗin.

Ta tsaya cak. Ta je bakin ƙofa ta tsaya, fuskarta har wani haske take. Ta tsaya har aka yi la'asar. Bai zo ba. Ta dawo ta dubi zaren, ta koma ta dubi ƙofa. Sai ƙarar ta fito.

Ban taɓa jin irinta ba. Na manta bargo, na manta komai, na yi abin da ya hana, na rungume ta. Ta kafa haƙora a damtsena, har yau shatin yana nan. Ta ƙwace ta nufi bango. Kafin maza su shigo goshi ya fashe, jini ya rufe mata ido. Wani ya buga wa wan waya. Da Mai Gyara ya shigo gab da magariba, da ambulan ɗin asibiti a hammata, ya tarar da 'yarsa a ƙasa, sarƙa a ƙafarta daidai kan tsohon tabon, ɗaya bakin a ƙafar gado.

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa wa wansa hannu, har sai da aka sa masa makulli.

"Na ba ka wannan karon," wan ya ce. "Amma ka ji da kyau, ke ma Inna ki ji. Ranar da ta sake fasa kai ko ta ciji wani, da mota zan zo."

Na zaci zai yi mini faɗa. Da ya gama wanke mata goshi sai ya ɗauki shuɗin daga bakin taga, ya jujjuya shi.

"Ke kika ɗora?"

"Ni ce. Ka yafe mini."

"Ba ni kika yi wa ba."

Kwana tara ba ta kalli tagar nan ba. In ya jera, sai ta share su da hannu su watse. Ya koma farko kamar shekara bakwai ba a yi ba: ya ɗora fari, nan take ya kawo ruwa, ya ɗora rawaya, nan take ya ajiye kwano. Yana yi yana tari, yana dafa bango. A rana ta goma ta ɗauki fari ta jefa a gwangwani. Ya juya baya don kada in ga fuskarsa.

A watan ne ya ƙara zare na shida, ruwan ƙasa, kalar mayafina. Zai ɗora shi ya ƙwanƙwasa mini bango, ni kuma in shigo kafin ta ƙifta ido. Ko ina tsakiyar cin abinci, ko ina wanki da kumfa a hannu. Sau nawa muka yi, Allah kaɗai ya sani, har ta kai in an ɗora ruwan ƙasa, ƙofa take kallo tana jirana.

Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwarsa. A asibiti ya cika, bayan kwana shida a kwance. Yarinyar tana wurina, na dawo da gwangwanin da zaren bakin tagata. Wansa ya ɗauke sarƙarsa daga bayan ƙofa, kuma kullum da yamma motarsa takan tsaya a bakin layi, injin yana aiki, ya daɗe bai fito ba, sannan ya ja. Ina jin ta nakan ɗora ja.

Kowace la'asar, in zare ya ƙare a taga, takan zo ta buɗe hannuna yatsa bayan yatsa. Ba ta samun komai. Sai gurnanin ya fara, in ninke bargo, in rufe taga, in zauna in ba ta baya ina salati a zuci, ina jin numfashinta a ƙeyata. Na jiya ya fi na shekaranjiya tsawo. Shuɗin yana ƙulle a bakin zanena, kuma na san in na ɗora shi za ta yi shiru nan take, har fuskar nan ta yi haske. Hannuna yakan kai wurin. Sai in tuna safiyar da zai tafi asibiti karo na ƙarshe, yana zaune a kan kujerar kekena don tsayuwa ta gagare shi, ya kamo hannuna ya sa zaren a ciki.

"Inna, za ta nema," ya ce. "Za ta yi kukan da zai karya miki zuciya. In kika yi mata ƙarya da wannan, sauran biyar ma sun mutu, daga nan kuma sai sarƙa. Ki bar ta ta yi kukanta a kan gaskiya. Don Allah, in ban dawo ba, kada ki ɗora shuɗin."