Faranti Ɗaya na Mzee Ntandu

Mzee Ntandu, wato Dattijo Ntandu, bai iya aski ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana wankin motocin haya a tashar Singida. Da gwiwa ta ƙi, ya dawo ƙauye, ya sayi tsohon farantin sola guda ɗaya da injin aski, ya kafa rumfa daidai tsallaken rumfar askina. Ni kuwa farantaina uku ne, sababbi fil, ga shi na kama wuri a jikin injin niƙa, inda kowa ke bi.

Amma kafin la'asar injina ya fara nishi, nasa yana ta aiki har magariba, har da rediyo don a ƙara ƙona mini rai. Na canza batir, na zagi mai haɗa waya, na gaya wa matata lalle tsohon nan ya binne wani abu. Hassada ce, na sani. Gaisuwa ma na daina.

Kullum da sassafe zai jingina tsani, ya hau da ƙyar, da tsumma da ruwa rabin kofi, ya goge farantinsa. Muna ta dariya, wai har yanzu yana jiran direba ya sallame shi. Bai san komai a kan lantarki ba. Idonsa ne kawai ba ya iya ganin gilashi da datti ya wuce.

Ranar kasuwa surukina ya zauna a kujerata. Na kai rabin kai, injin ya mutu. Ya dube ni ta madubi, ya miƙe da zanen askina a wuya, ya tsallaka titi kowa yana kallo.

Da yamma Ntandu ya dawo mini da zanen, da tsani a kafaɗarsa, ya ce in hau in duba. Ashe garin masara da raɓa sun bushe a kan farantaina kamar ƙanzo, sai da na sa farce. Ta ina rana za ta shiga?

"Ɗana, wata bakwai ina hango su daga sama, suna hana ni sukuni," in ji shi. "Sau biyu na tsallako, kana juya mini ƙeya."

Na wanke su, wuta ta dawo, injina yana kai magariba. Surukina dai bai dawo ba, haka abokansa. Na aika matata ta tambaye shi. Ya ce gaskiya askin Ntandu ba shi da kyau, amma ana gama shi.