Wayar Baba Sule a Cikin Sito

Shekara uku ke nan, amma har yau ban manta da wata Asabar ta watan Satumba na 2006 ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kuna cewa Binta ta cika takura wa mutane a kan kwanan wata. To ga dalilin, ku karanta, kada kowa ya sake tambaya ta.

Lokacin ina da wata biyar a kamfanin kago na kawuna, wanda a wurin aiki kowa ke kira Alhaji, har ni. Shi ya ɗauko ni daga Kano zuwa nan ƙasar Larabawa bayan na gama sakandare. Ni ce a teburin gaba: amsa waya, rubuta sunan mai kaya, riƙe littafin sito. Ga wanda bai san aikin ba, 'yan kasuwa ne daga Kano da Maraɗi da Damagaram suke sayayya a kasuwar Deira su kawo mana, mu tara a sitonmu na Al Qusais har kwantena ta cika, sannan a kai tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Muna aiki daga Asabar zuwa azahar ɗin Alhamis, mu huta Juma'a. A watan ne gwamnati ta mayar da hutun ƙarshen mako Juma'a da Asabar, wasu kamfanoni suka bi, wasu irinmu ba su bi ba. Kowa da nasa lissafin.

Ƙwari suka shiga buhunan shinkafar wani mai kaya, Alhaji ya kira masu feshi. Ba feshin sauro nake nufi ba. Wannan guba ce da ake zubawa a cikin sito, a toshe kowace kafa da salatif, a bar ta kwana biyu ko uku tana cin duk abin da ke numfashi. Alhaji ya bar wa maigadin harabar makulli, ya ce duk ranar da suka zo a ba su.

Ranar Talata shugaban masu feshin, wani mutumin Indiya, ya bugo waya. Ina da mata uku a kaina suna rigima a kan kwalayensu. Ya ce za su zo “next Friday”. Ni a Turancin da na taso da shi, wannan Juma'ar sama ce, ta mako mai zuwa. Shi kuma Juma'ar da ke gabanmu yake nufi. Da Bahaushe ne, gata zai ce, magana ta ƙare. Ban tambaye shi kwanan wata ba. Na ce to, na ajiye waya, na rubuta a littafi yadda na fahimta.

Akwai wani dattijo da ke mana dako da ɗaurin kaya, Baba Sule, mutumin Damagaram. A unguwar Al Warsan yake kwana, su takwas a ɗaki ɗaya. Saboda haka duk Alhamis idan an tashi, sai ya tsaya. Yana da makullin ƙaramar ƙofar gefe. Ya wanke farar rigarsa ya shanya a jikin waya, ya shimfiɗa tabarma a bayan buhuna can ƙuryar sito, ya yi barcin da bai samu ba duk mako, washegari ya tafi masallacin Juma'a daga nan. Doka ta hana kwana a sito. Kowa ya sani, Alhaji ma ya sani, yana dai yi kamar bai gani ba.

Alhamis ɗin da za mu tashi ya leƙo ofis ya ce, “Ɗiyata, masu maganin mangaza, yaushe ne?” Mangaza suke ce wa sito su mutanen Nijar. Ina haɗa jakata, sauri nake kada motar kamfani ta bar ni. Na ce masa Juma'ar sama ce, ba gobe ba, ya yi barcinsa.

Asabar da ƙarfe takwas direba ya sauke ni a bakin harabar ya wuce Jebel Ali. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Kullum akwai tattabaru a kan rufin, suna damun mutum da kuka. Ranar ba ko ɗaya a sama. Uku na gani a ƙasa kusa da bango, ƙafafu a miƙe, ko kuda babu a kansu. Iska na ɗauke da wani wari kamar na tafarnuwa da ta ruɓe.

An liƙe babbar ƙofa da jan salatif daga sama har ƙasa, ga kwado sabo da ba namu ba, ga takarda mai hoton ƙoƙon kai. Na karanta ranar da ke jiki. Jiya ce, ƙarfe tara na safe.

Na zagaya gefe. Ƙaramar ƙofar ma an liƙe ta ta waje, salatif ɗin lafiya lau, ba inda ya tsage. Farar rigar Baba Sule tana nan a jikin waya, ta bushe ta ƙandare. Wato bai sa ta ya je masallaci ba.

Na ciro wayata na kira lambarsa. Sai na ji ta tana ringi a cikin sito. Can nesa, daga ƙurya, ƙarar na bugun kwanon rufi tana dawowa. Na tsaya har ta katse. Na sake kira, ban san me nake jira ba. Na buga ƙofar da tafin hannu, na kira sunansa har maƙogwarona ya bushe. Maigadin Asabar ya zo ya tsaya daga nesa da hanci a toshe, ya ce shi ba shi ne na jiya ba, bai san komai ba.

Na kira Alhaji, yana cikin cunkoson hanyar Sharjah. Na kira lambar da ke kan takardar. Shugaban masu feshin ya ɗauka, na ce akwai mutum a ciki. Ya ce kada in kuskura in ɓalle ƙofa, in koma bakin titi, yana zuwa. Na ce masa da ƙarfe zan fasa ta. Ya ce, “Madam, awa ashirin da uku ke nan. Idan yana ciki, sauri ba zai amfane shi ba. Ke kawai zai kashe.”

Sa'a ɗaya da rabi na yi a bakin titi cikin zafin nan. Leburorinmu suka iso ɗaya bayan ɗaya, suka jeru a inuwar katanga suna salati ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ji lokacin da Baba Sule ya tambaye ni ranar Alhamis. Kallona kawai yake.

Alhaji da masu feshin kusan tare suka iso. Shugaban ya rantse sun zagaya sito kafin su zuba maganin, sun buga ƙarfe, ba wanda ya amsa. Na tambaye shi ko sun leƙa bayan buhuna. Ya sa abin rufe fuska mai tulun iska, shi da mutum ɗaya, suka yanke salatif suka shiga. Minti goma suka yi. Da ya fito, leda ce a hannunsa. A ciki akwai waya, da silifa, da carbi, da makullin ƙaramar ƙofa. Ya ce akwai tabarma a shimfiɗe da buta da rabin kofin shayi, amma babu mutum. Alhaji ya sa suka koma har sau biyu, suka hau kan buhuna, suka duba cikin kwalaye manya. Babu kowa.

Bayan azahar wata farar a-kori-kura ta tsaya a bakin harabar. Baba Sule ya sauko a hankali, da silifan wani a ƙafarsa da rigar da ta yi masa yawa. Fuskarsa ta yi toka-toka. Ya kalli ƙofar da aka buɗe, ya kalle mu, ya yi sallama kamar kullum. Ni kuwa sai na zauna a ƙasa.

Ga abin da ya gaya mana. Bayan sallar asuba ranar Juma'a ya koma ya kwanta. Bai ji shigowar kowa ba. Ya farka kansa na sarawa, ƙirjinsa kamar an ɗora dutse, sai ya ji ana kiransa daga waje. Ya ce da sunan da mahaifiyarsa kaɗai take kiransa ne, kuma ta rasu tun yana saurayi. Ya tashi ya bi muryar ba takalmi, ya tura ƙaramar ƙofa ya fita. Bai ga mota ba, bai ga kowa ba, rana ta take. Ya yi ta tafiya yana amai har wani direba ya tsince shi a gefen titi ya kai shi masallaci, wasu 'yan Nijar suka gane shi suka tafi da shi ɗakinsu.

Shugaban masu feshin ya ce ba zai yiwu ba. Da hannunsa ya liƙe ƙofar nan kafin a buɗe ko gwangwani ɗaya na gubar. Ni kuma da idona na ga salatif ɗin ba tsaga. Alhaji ya ce wataƙila ya fita tun kafin a liƙe. To me ya sa shi amai? Likitan da muka kai shi wurinsa da yamma ya ce lallai ya shaƙi wani abu. Na juya maganar nan ta kowace fuska, ta ƙi zama. Na tambayi Baba Sule wane suna ne muryar ta kira shi da shi. Ya ce, “Bon, ɗiyata, wannan ba na ofis ba ne.” Ban sake tambaya ba.

Da Alhaji ya tara mu ya ce wa ya amsa wayar Talata, ban jira a nuna ni ba. Ya ce da ba 'yar yayarsa ba ce da a makon zan koma Kano, kuma ban ga laifinsa ba. Amma wanda ya biya kuskurena Baba Sule ne, don a ranar aka karɓe makullinsa, ya koma ɗakin mutum takwas. Bai taɓa yi mini gori ba har ya koma gida bara. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa a teburin nan ba a rubuta “next” ko “this weekend”, ko wa ya faɗa, ko Bature ne ɗan asali. Garin nan ƙabilu ɗari ne ke magana da Turancin aro, kowa da makonsa. Ka sa ya faɗi sunan rana da lamba da wata, ka maimaita masa, ya ce eh, sannan ka rubuta. Idan ya ji haushi, ya ji.

Akwai ƙa'ida ta biyu, ita ta fi muhimmanci. Duk sito a garin nan yana da wanda ke kwana a ciki, wanda sunansa ba ya cikin kowace takarda, kuma baƙo ba zai san ƙuryarsa ba. Kafin a sa kwado a kan guba, ɗaya daga cikinmu ne zai shiga da ƙafarsa har bayan buhuna na ƙarshe. Idan ba ku sami mai shiga ba, ku kira ni, ko Juma'a ce.