Kejin da Na Auna wa Gajere

A shekarun da nake walda a Sabon Gari, aikina bai wuce ƙyauren gida da gadon ƙarfe ba, sai ranar da aminina ya kawo wata tsohuwar mota ƙofar shagona. An cire kujerun baya, an yi wa injin aiki har yana gurnani. Ni da aminin nan tare muka tashi a Samaru, benci ɗaya muke zama a coci. Keji yake so in haɗa masa a cikin motar, na bututun ƙarfe mai kauri, don ko ta wuntsila kada rufi ya danne direba. Lokacin samari sun tsiro da tsere a miƙaƙƙen titin da ya wuce Samaru, ranar Lahadi bayan sujada. Mota biyu za su jera, a taka wuta, wanda ya riga isa gada ya ci.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa: kada ƙanena ya kusanci motar nan. Hatsarin mota ne ya ɗauke babanmu, tun daga ranar Mama ta damƙa min amanar autanta. Yana jami'a a lokacin, ga shi da son sitiyari kamar me. Aminina ya dafa ƙirji ya ce ai ƙanena ƙanensa ne.

Shi keji da jikin mai tuƙi ake auna shi, yadda tela yake auna riga. Mutum zai zauna a kujera da hular kwano, ka bar tazarar tafin hannu tsakanin kansa da ƙarfen sama. To aminina gajere ne, sai ya zauna a kan matashi yake hango hancin mota. Amma duk sa'ad da na auna sai ya ce in ƙara ɗagawa, in kuma ja ƙarfen baya ya ƙara nisa. Na yi ta tsokanarsa, ina tambayarsa ko da gemunsa yake sa ran ƙarin tsawo. Ya yi dariya, ni ma na yi. Na ɗura yashi a bututun kafin in lanƙwasa don kada ya lotse, na bi kowace gaɓa da wuta na sake bi. Ban taɓa aikin da na yi alfahari da shi haka ba.

Ranar tseren ba a gayyace ni ba, ni na hau acaɓa don in ga aikina a titi. Na tarar da motar a kan layi, aminina kuma a tsaye a waje. Da na leƙa taga, ƙanena ne a ciki, dogon nan, da hular kwano a kansa. Na zura hannu tsakanin hular da ƙarfen sama. Tafin hannu ne cif. Ashe tun ranar farko awonsa ake ba ni, ina ta dariya.

"Yaya, ko da keji ko babu, dama sai na tuƙa," ya ce, bai kalle ni ba.

Aminina ya matso. "Gani na yi gara ya shiga wanda ka haɗa da hannunka."

Ji na yi kamar in koma shago in ɗauko injin yanka in sassare kejin nan. Amma in na cire shi, ƙanena zan bari a ƙarƙashin rufin kwano zalla. Sun san ba zan iya ba, wannan ne ya fi ƙona min rai har yau. Na jijjiga kowane ƙarfe, na ƙara ja masa bel, na tafi ban kalli tseren ba.

Ya dawo lafiya. Lahadin da ta biyo baya na canza benci a coci. Mama ta lura, a hanyar gida ta ce in je mu shirya da aminina, yaron kirki ne, shi ne ma yake taya ni sa mata ido a kan auta.