Zanen Innata da Bargon Gwaggo Hanne

Ina tsakiyar darasi a aji huɗu, wata Talata da hantsi, wayata ta dinga ruri a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, yaran ma sun san halina. Sai a kira na uku na leƙa, na ga Yaya Lawal ne daga Ƙarfi. Ina ɗagawa, ko sallamata bai amsa ba ya ce, "Binta, sai dai haƙuri. Allah ya yi wa Hajiya rasuwa."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na dafa tebur. Na tambaye shi yaushe. Ya ce yanzu-yanzu, ta idar da walaha ta ce kanta na sarawa, ta kishingiɗa, shi ke nan. Bayan azahar za a kai ta. Zan faɗi gaskiya, tunda yau ranar faɗinta ce: kafin hawaye su zo mini, lissafi ne ya fara zuwa. Shekara guda da wata biyu rabona da ita. Daga Funtua zuwa Ƙarfi kuwa ba tafiyar rabin yini ba ce ma, kuma ba ciwo nake yi ba, ba faɗa muka yi ba.

Hajiya Hannatu, wadda kowa ke kira Gwaggo Hanne, yayar mahaifina ce. Ina shekara shida innata ta rasu, Gwaggo ta zo gaisuwa, ranar bakwai ta kama hannuna muka tafi. Ta haɗa ni da ɗanta Lawal, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Har na yi aure akwai mutanen unguwar da ba su san ba ita ta haife ni ba. Mijinta, marigayi Malam Idi, manomin masara da auduga ne. Duk kaka, kafin a kai auduga awo, sai ta ware buhu guda ta ce wannan nata ne, kada wanda ya taɓa. Da hannunta take gurje shi ta fitar da gurya, ta shiɓe shi har ya yi laushi, shi take shimfiɗawa a cikin bargunan da take haɗawa da ƙyallaye.

Ba sana'a ta ɗauki ɗinki ba, ko sau ɗaya ban ga ta sayar ba. Saƙa kuwa a wajen ƙawarta Mama Titi ta koya, wata Bayarabiya Kirista haifaffiyar Malumfashi, mai sayar da ulu da zare da allura a kasuwa. Tun suna amare suke tare. Babu jaririn da aka haifa a unguwarmu bai samu hula da safa daga hannun Gwaggo ba. Rigar sanyin da ta fara saƙa wa Malam Idi, hannun hagu ya fi na dama tsawo da kusan taƙi guda. Haka bawan Allah ya yi ta sa ta yana naɗe hannun. In an yi masa dariya a majalisa sai ya ce ai hannunsa ne gajere, rigar lafiyarta ƙalau.

Mace ce mai sauƙin kai a komai, ban da aikin allura. Nan fa ba ta da wasa. Ina shekara goma na yi karkataccen ɗinki, na tura shi ƙarƙashi na ci gaba kamar ban gani ba. Ta karɓa, ko kallo ba ta yi ba, ta bi layin da babban yatsa, ta tsaya daidai wurin. Ta ce, "Farke shi tun yana kusa da hannunki, Binta. In kika yi nisa, sai kin ɓata mai kyau kafin ki kai ga mummunan." Na farke ina kumbure-kumbure, ita kuwa ta ci gaba da tsinke zare da haƙori.

Tana da ƙa'ida guda da ba ta taɓa karyawa: sabon yadi ba ya shiga bargonta. Sai wanda jiki ya sa, ya sha wanki ya sha rana. Dalilinta na farko na masu aiki ne, sabo yana zuba, yana kuma tsukewa in an wanke, ya ja tsohon da ke gefensa har ya yage. Na biyun nata ne ita kaɗai. Takan ce, "Sabon yadi bai san kowa ba. Ni ba na haɗa baƙo da 'yan gida." In wata ta kawo mata ragowar yadi daga wajen tela, sai ta yi godiya ta ba yara su yi 'yar tsana.

Bayan rasuwar Malam Idi, da ta fita takaba, ta ɗauko aikin da ta ce shi ne na ƙarshe: bargo babba, da ƙyallen kowa na gidanmu a ciki, rayayye da matacce. Ta yanko daga rigar gonar Malam, da wandon makarantar Yaya Lawal, da zanen da na ɗaura ranar buɗar kai, da majanyin goyon jikoki. Ranin farko yanka kawai ta yi. A na biyu ta fara haɗawa. Idonta ya riga ya yi rauni, don haka da safe takan zauna a bakin ƙofa ta zura zare a allura shida ko bakwai, ta soke su a jikin filo, ta yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. In na kira ta, kafin ta tambayi yara sai ta ba ni rahoto. "Layi biyar yau." "Na kai takwas, amma na farke ɗaya, rigar Malam ta zo kusa da ja, ba ya son ja."

Da ƙaramar sallar bara na je mata yini. Ta baza mini aikin a kan tabarma, ya yi kyau ƙwarai. A tsakiya akwai gurbi, faɗin tafin hannu biyu. Ta sa yatsa a wurin ta ce, "Saura na innarki. Na bar mata tsakiya. Wancan shuɗin zanen yana nan wajenki, ko?"

Yana nan. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, tana ƙasan akwatina tun ina yarinya. Ba ni da hoton innata. Fuskarta ma ta ɓace mini, wallahi ko a mafarki ba na ganinta sosai. Zanen nan shi kaɗai ne abin da na san ya taɓa jikinta. Amma ta yaya zan dubi matar da ta share mini majina, ta aurar da ni, in ce mata a'a? Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba, ita ce ma ba ta yi mini ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Gwaggo."

Na koma Funtua na fito da zanen, na ɗauko almakashi. Na fi awa ina zaune, hannuna ya ƙi. Maimakon in kira ta in ce Gwaggo na kasa, sai na yi dabarar banza, ni da nake tsayawa gaban yara kullum ina ce musu ƙarya ba kyau. Na shiga kasuwa rumfa-rumfa har na samo atamfa mai kama da ita. Na jiƙa ta da omo, na shanya ta kan kwano mako guda rana na dukanta, na sake wankewa, na yanki kamar girman ɗankwali. Har wani daɗi na ji, wai na yi wayo.

Da na kai mata, ta karɓa da hannu biyu. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci, sannan ta ɗago ta dube ni, kallon da ya ɗan daɗe. Ta ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka." Ta ninke ta sa ƙarƙashin filo. Ta zubo mini tuwon masara da miyar kuka, irin wanda nake so, na yi loma uku na tsame hannu. Ko la'asar ban jira ba na ce zan bi mota. Wannan shi ne ganina da ita na ƙarshe.

Ba ta daina kira ba. Ni ce na koyi kawo dalili: jarrabawa, zazzaɓin yara, ruwa ya ɓata hanya. Na tambaye ta bargo, ta ce, "Gefe duk ya haɗu, tsakiyar ce ba ta nuna ba tukuna." Ban gane ba, ban kuma nemi bayani ba. Sau uku tana ce mini, "Yaushe za ki zo, Binta? Akwai maganar da ba ta waya ba ce." Na san maganar, ko dai na ɗauka na sani. Sai in ce, "Sai an yi hutu, Gwaggo." Aka yi hutu uku ban je ba. Ina aika mata sabulu da man zafi ta hannun direba, kamar wannan ne abin da take nema.

Ranar rasuwar na isa an riga an haɗa ta. Na durƙusa na yi mata addu'a, maza suka shigo suka ɗauka. Mata na ta faɗin alherinta, wannan ta ce ta saƙa wa 'ya'yanta biyar hula, waccan ta ce ta rufe ta da bargo ranar da ta haihu a cikin sanyi. Kowa na ce mini, "Binta, ke aka yi wa mutuwa." Ina amsawa, kunya na cina.

Ranar uku Mama Titi ta zo, da sandarta da lulluɓinta. Ta gaisa da mutane, sannan ta kama hannuna ta ja ni ɗakin Gwaggo ta saki labule. Bargon na shimfiɗe a kan gado. An gama shi, baki ɗaya kawai ya rage ba a kalmashe ba, allurar na soke a wurin da zarenta. A tsakiya ga shuɗin ƙyalle, ya koɗe ya yi laushi, ya zauna cikin sauran kamar tare aka haife su.

Mama Titi ta ce, "Kin gane wannan?"

Ku ji ƙarfin hali irin nawa: bakina ya buɗe zan ce na innata ne. Ta ɗaga mini hannu.

"Kada ki ƙara, 'yata. Ta sani tun ranar. Ita ta saya wa innarki wancan zanen da za a yi sunanki, ni na raka ta. Kina ganin za ta manta shi?"

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "To Mama, me ya sa ta saka shi? Ai ba ta saka sabo."

"Shi ya sa ta ɗaura shi. Ɗankwali ta mai da shi. Damina guda da rani guda yana kanta, da shi take shiga madafi, da shi take zuwa gona, da shi take zuwa wajena kasuwa. Na ce Hanne, ba ki da wani ɗankwalin ne? Ta ce so take ya sha guminta ya zama ɗan gida. Watan jiya ta cire ta yanka."

Na ce, "Ta yi fushi da ni ƙwarai, ko?"

Mama Titi ta dube ni kamar na yi wani yare. "Fushi? Kuka ta yi a rumfata, ranar da kika kawo. Ta ce, 'Titi, na yi abin kunya. Marainiya na da abu ɗaya tal na uwarta, na buɗe baki na roƙa, alhali na san ba za ta iya ce mini a'a ba. Ni na sa yarinyar nan ƙarya. In ta zo zan roƙe ta gafara.' Na ce ki faɗa mata ta waya mana. Ta ce a'a, ba a roƙon gafara ba a ga ido ba. Duk ranar kasuwa in na tambaya, sai ta ce, 'Ba ta zo ba tukuna.'"

Wannan ce maganar da ba ta waya ba. Shekara guda da wata biyu ina gudun tsohuwar da ke zaune tana jira ta ba ni haƙuri. Ban san irin kukan da na yi ba, sai dai na ji mata sun shigo suna cewa in yi haƙuri, kuka ba ya yi wa mamaci amfani. Ba su san ba mutuwar kaɗai nake yi wa ba.

Yaya Lawal ya ce in ɗauki bargon, ni ce na san aikin, in ƙarasa bakin da ya rage. Na ce ya bar shi a ɗakin tukuna. Har yau ban iya taɓa allurar ba.

Gwaggo, ban ga abin da kika yi mini ba sai alheri. Amma tunda kin jira ki ji daga bakina, ga shi ina faɗa a gaban jama'a: na yafe miki duniya da lahira.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Hannatu, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta rufa wa bayinka jiki a lokacin sanyi, ta rufa mini asiri ban sani ba, ka rufe ta da rahamarka, ka sada ta da Malam Idi da innata a Aljanna Firdausi. Ka ba Yaya Lawal da iyalinsa haƙurin rashinta, ka raya jikokinta a kan tarbiyyarta, ka sanyaya zuciyar Mama Titi da ta rasa abokiyar hira. Ku kuma da kuka karanta, in kun yi mata addu'a ku ɗan sa ni a ciki. Ita ta samu tata yafiyar, ko da a makare. Ni wadda zan roƙa ba ta nan.