Geron Kawu a Kan Yashin Magina

A unguwar Briqueterie aka haife ni, kuma har na yi aure na zama tela mai kekena a ɗaki ban taɓa tunanin ruwan sama abu ne da mutum zai yi kewarsa ba. Mu a Yaoundé ruwa fitina ne. Ya jiƙa shanya, ya cika kwata, ya kwaso jan laka ya kawo miki har bakin gado.

Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo mana ne da rani, daga wani ƙauye a arewacin Najeriya daf da iyakar Nijar. An ce hamada ce ta kore shi. Ni dai a sanina korar mutum sai abu mai ƙafa, don haka na sa shi gaba da tambaya, kuma ni in na fara tambaya mijina ma tashi yake ya bar mini ɗakin. Yashi yana tafiya ne? Da sauri ko a hankali? Ana jin motsinsa?

"Ba a ji, ɗiyata," in ji shi. "Bana ki ga ya tsaya a gindin aduwa. Baɗi ki ga aduwar ta koma rabi. Wata shekarar ki nemi iyakar gonarki ki rasa."

Haka gonar mahaifinsu ta tafi, rijiyar ma ta bi ta. Abin da ya tsira da shi wata 'yar jakar ƙyalle ce, tsohuwa, da irin gero a ciki bai fi cikin tafi uku ba. Geron gidansu ne, wanda kakanni suka riƙa zaɓen zangarniyarsa shekara da shekaru, mai nuna da wuri ko da ruwa ya yi rowa. Ya ce duk danginsu sun cinye nasu a shekarun wahala, nasa ne ya rage, kuma iri in ya daɗe ba a shuka shi ba mutuwa yake a cikin jaka.

Bayan gidanmu akwai ɗan fili da bai fi tabarma huɗu ba. Ana saura kwanaki damina ta faɗi ya ari fartanya ya hau haƙa ƙananan ramuka a jere, kowanne kamar kwanon tuwo, yana zuba kashin awaki a ciki. Na bar ɗinkin mutane na tsuguna ina kallo. Ya ce tassa ake kiransu, a wajen mutanen Nijar suka koya. Ramin ne ke kama ɗan ruwan da ya sauka ya riƙe wa shuka, kada ya gudu. Abin ya burge ni ƙwarai, har na taya shi kwasar ƙasa.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar asalin kudu mai shuka rogo da gyaɗa a unguwar Nkomkana, ta leƙo ta katanga ta riƙe baki. Da Faransanci ta ce mini in gaya wa "papa", wato Kawu, cewa nan ba a shuka a rami, tara ƙasa ake a yi tudu. Na fassara masa. Ya yi murmushin wanda ya shekara hamsin yana noma, ya ce in yi mata godiya. Ni ma, Allah ya sani, bayansa na bi. Ina ita ina sanin gero? Ya juye irin nan kaf a ramuka ya binne.

Ranar da ruwan farko ya sauka Kawu ya zama yaro. Ya fito da duk wata roba da bokiti da ke gidan, har tukunyar miyata, ya jera a tsakar gida. Da suka cika ya tsaya yana kallon sauran yana gangarewa kwata, ya ce, "Duk wannan ina za shi?" Washegari aka sake yi. Rana ta uku ma haka. Ramukansa suka yi aikinsu da gaskiya, suka riƙe ruwa, jar ƙasar nan kuma ba ta tsotsewa. Kwana goma bayan haka ya tona ɗaya da yatsa, ya shinshina abin da ya fito, ya goge hannunsa a riga ya shige ɗaki. Na ji kunya da tausayi sun rufe ni, don ni ce mai sanin ruwan garin nan kuma na yi shiru.

Bayan wasu makonni na tsinci jakar a ƙarƙashin tabarmarsa, bakinta ya yage. Na ce bari ko ita in gyara masa. Tela ba ya ɗora sabon ɗinki a kan ruɓaɓɓen zare, sai ya farke tsohon tukuna. Ina farke gindin jakar da reza sai ga ƙwayoyi suna zubowa a cinyata, waɗanda suka maƙale a cikin kalmasa. Na ƙirga, ashirin da uku.

Ban kai masa nan take ba. Na fara da halina. "Kawu, wai ƙasarku ta can, kafin ta lalace, wace iri ce?"

"Jigawa ce. Rairayi mai laushi, ruwa na sauka ya shige."

Na nuna masa tarin yashin da magina suka bari a lungunmu, na wani gini da ya tsaya tun bara. Ya kau da kai. "Na baro yashi a can, ki kawo ni wajen yashi a nan?"

Sai na buɗe masa tafin hannuna. Ya ƙura wa ƙwayoyin ido. Sannan ya ce in je in tambayi dattijuwar nan tsawon tudun da take yi.

Mai ginin ya ba mu yashi cikin baro biyu. Muka cakuɗa da taki muka yi tudu a jikin bango inda rufin kwano ke tare rabin ruwan, dattijuwar tana ba da umarni ta katanga, Kawu yana cewa "to, madam." Muka shuka ƙwayoyin a kai, guda tara suka tsiro. Biyar suka yi zangarniya, suka nuna a ɗan tsakanin nan da ruwa ke ɗagawa kafin babbar damina. Tsuntsayen unguwa ba su san gero a tsaye ba, amma cikin kwana biyu suka koya, sai da na ɗinka wa kowace zangarniya riga da ragowar gidan sauro.

Kawu ya koma gida da uku, ya ce an fara dasa itatuwa a gefen garinsu, zai gwada sa'arsa. Biyu ya bar mini, ya ce, "Ba na kunu ba ne. Kuma kada ki bar shi ya kwana biyu a jaka." Bai ga damina ta uku ba, Allah ya jiƙansa, kuma na kasa samun wanda zai gaya mini ko nasa ya tsira.

Saboda haka duk shekara nakan sa a turo mini baron yashi daga wajen masu bulo. Mai turowa yakan tambaye ni, "Hajiya, har yanzu ba a fara ginin ba?" Nakan ce masa ya juye a jikin bango, inda ya juye bara.